Inci Biyu da Rabi

Shagon ɗinkina yana kallon garejin maigidana, titi ne kawai a tsakaninmu. Mata suna cewa na yi dace, ga sana'a ga miji a gaban ido. Ba su san abin da idon yake gani ba. Daga kan kekena ba kasafai nake ganin fuskarsa ba, sai dai ƙafafu biyu da suka leƙo daga ƙarƙashin motar wani. Shekara goma sha shida ke nan ina auren tafin ƙafa.

Duk layinmu Injiniya ake ce masa. Ni ma haka nake kiransa, shi kuma ya ce min Tela, ko a gaban yara.

Yana da wani tsohon jak, ƙarfen nan mai tayoyi da ake turawa ƙarƙashin mota a ɗaga ta. A hannun ubangidansa da ya koya masa aiki ya gaje shi, kuma don ƙauna har wasali ya ƙara masa, ya koma jaki. "Miƙo min jakina," "jakina bai taɓa kada ni ba." To, jakin ya tsufa. Wata biyu da suka wuce na lura ya fara zamewa. Idan an ɗaga mota, akwai hasken da ke ratsowa ta ƙarƙashinta. Kafin in gama kalmasa bakin zane ɗaya, sai in ga hasken ya tsuke. Sai Injiniya ya jawo jiki ya fito, ya danna hannun jak ɗin sau uku, ya sake komawa yana fito da baki. Da na yi magana ya ce ɗan mai ne yake yoyo, zai canza roba. Yau ne, gobe ne, robar ba ta canzu ba. Sabo turken wawa, amma wa ya isa ya faɗa wa Injiniya haka?

Ranar Litinin aka kawo wata mota ruwan toka, irin waɗanda cikinsu ke neman shafar ƙasa. Jaki ya ƙi shiga, bakinsa ya yi tsawo. Ina kallo Injiniya ya shimfiɗa katako biyu, ya hau da tayoyin gaba a kai, sannan ya cusa jak ɗin da ƙyar har yana kankare fenti. Ranar ɗinki bai yi kyau ba. Hannun riga guda na maƙala shi a baibai, na farke, na sake maƙala shi a baibai.

Da safiyar Talata, kafin ya sake hawa da motar kan katako ya ɗaga ta, na tsallaka titi da tef ɗina a wuya. Na durƙusa na auna daga ƙasa zuwa cikin motar.

"Tela, riga za ki ɗinka mata?"

"Inci huɗu da rabi," na ce. "Tsaya nan, ɗaga hannu."

Ya ɗaga yana dariya. Na auna shi daga ƙashin ƙirji zuwa gadon baya, duk da na san amsar tun kafin a haifi babbar 'yarmu.

"Tara. Kai tara, ita huɗu da rabi."

"Ai kin manta katako. Katako ya ƙara mata biyu."

"Shida da rabi ke nan. Ranar da jakinka ya durƙusa, ina za ka kai sauran inci biyu da rabin?"

Dariyar ta ɗan rage, amma ba ta tafi ba. "Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni na taɓa zuwa na ce allurarki ta lanƙwashe? Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Tela. Koma kan kekenki."

Na koma, amma zama bai gan ni ba. Na zauna, na tashi. Na zura zare ya fita, na sake zurawa. Can ƙafafu biyu suka leƙo kamar kullum, haske ya fara tsukewa. Haushinsa nake ji, tsoro kuma ya fi haushin yawa. Na yi tunanin in tsallaka in jawo shi ta ƙafa, na san abin da zai biyo baya, unguwa ta sami abin dariyar wata guda, shi kuma ya koma ciki don ya nuna min iyakata. Sai na rufe shago, na saka alli a jaka, na tari tasi zuwa layin masu kayan aiki.

Mai shagon farko bai bar ni na gama sallama ba. Ya nuna min wani ja mai sheƙi a cikin kwali, ya ce na waje ne, ko babbar mota zai ɗaga. Ni ban san jak ba, amma na san ɗinki, kuma walda ai ɗinkin ƙarfe ce. Na leƙa ta bakin kwalin na bi ta da ido: nan dunƙule, nan rami, nan an tsallake. Da ɗalibata ce ta kawo min irin wannan, da farke shi za ta yi. Na ce a fito da shi a gwada.

"Ba a gwadawa, Hajiya. In an buɗe an saya."

"To, ni ba na cinikin biri a sama."

Na wuce shago uku. Ko'ina sai na duba waya, ba don ina jiran kira ba, sai don tsoron kada a kira. A na biyar na tarar da wani dattijo yana zaune a kan benci, kafaɗarsa ta hagu ta sauka ƙasa da ta dama. Idon tela ba ya tsallake irin wannan. Na gaishe shi, na gaya masa abin da nake nema, da awon da na ɗauko.

"Huɗu da rabi," ya maimaita. "Da iska a taya kika auna, ko a sace?"

"Da iska, Baba."

"To, cire ɗaya da rabi. Mota ba ta neman jak sai ranar da ta zauna. Mutane da yawa sun sayi wanda ke shiga ranar lafiya, ranar ciwo ya tsaya a bakin ƙofa. Wanda bai kai inci uku ba kike so."

Ya shiga ciki ya jawo wani dogo, shimfiɗaɗɗe, ba ja ba ne, ba ya sheƙi. Na durƙusa na auna bakinsa, inci uku saura kwata. Na bi waldar da ɗan yatsa daga farko har ƙarshe, sumul, ba tsallake. Na girgiza shi, bai yi kwaram-kwaram ba, gindinsa da faɗi. A kan faifan da ke taɓa mota akwai roba mai kauri, don kada ya zame ko ya ci fenti.

"Zan iya gwadawa?"

"Ga tawa can a bakin shago. Ita ma ba ta da tsawo."

Jak ɗin ya shige ƙarƙashin motar dattijon ba gardama. Danna shida na ƙirga, taya ta bar ƙasa. Ya ce in murɗa hannun a hankali in ga saukarsa. Na murɗa, motar ta sauko sannu-sannu, inda na tsaya nan ta tsaya. Muka sake ɗagawa. Na ɗauko wani guntun katako na jingina da jikin motar, na ja layi da alli daidai bakin ƙarfenta.

"Minti goma," na ce. "In ta sauka ƙasa da layin nan, ba ni ba shi."

Ya yi murmushi ya nuna min benci. Na gode masa, ban zauna ba. Na je bakin titi na dawo, na duba layi, na duba waya, na sake zuwa bakin titi. Dattijon yana bina da ido.

"Mijinki ne yake shiga ƙarƙashi?"

"Shi ne, Baba."

"Da me yake tokare motar in ya ɗaga?"

"Da jak ɗin."

Sai ya jawo wasu ƙafafun ƙarfe guda biyu masu gindi uku-uku, ya dire su a gabana. "Matokarai. 'Yata, jak ɗagawa ce aikinsa, ba riƙewa ba. Ko wannan da kika yaba, abin da ke riƙe motar mai ne da wata 'yar roba da ba ta fi zoben hannunki ba." Ya dafa kafaɗarsa ta hagu. "Wannan sabon jak ne fil ya yi min ita. Kwanansa tara a hannuna."

Idan sabo ya yi haka, ina ga jakin Injiniya?

"Saura abu ɗaya," in ji shi. "Akwai mai ɗaukar tan biyu, akwai na uku. Nawa ne nauyin motocin da yake gyarawa?"

Wannan tef ɗina bai auna ba. Dole na kira Injiniya, na kuwa san zan sha faɗa, don in yana ƙarƙashin mota wayarsa a kan teburin kayan aiki take zama. Ta yi ta ringi har ta katse. Na sake kira, ta katse. A na uku ne ya ɗauka.

"Tela, lafiya?" Muryarsa cike da haushi. "Kin fito da ni ina tsakiyar kwance noti. Ina kika shiga ma, na ga shago a rufe?"

"Nauyin motar nan nake so ka gaya min."

"Nauyin me? Au, jak kika tafi saya? Wato ni ban san aikina ba. Na ce miki jakina bai taɓa..."

Wata ƙara ta shigo ta wayar, ba mai tsanani ba, kamar an yar da buhun siminti. Sai ƙarar sifana tana gangarawa a kan daɓe, ta yi ta juyi har ta kwanta. Daga nan shiru.

"Injiniya."

Ba amsa.

"Baban yara, ka yi min magana."

"Ina nan," ya ce. Ban taɓa jin muryarsa ƙarama haka ba. Ina jin numfashinsa, ina jin takunsa yana matsawa, sannan ya tsaya. "Rabin jarkar nan da nake tarar mai da ita. A gefen haƙarƙarina na ajiye ta." Ya ƙara rage murya. "Motar ta faɗo a kanta, ta lotse."

Ban ce masa "ai na gaya maka" ba. Na yi wata biyu ina tanadin kalmar nan, da ranarta ta zo na neme ta na rasa.

"Tela, inci nawa kika ce ɗazu?"

"Biyu da rabi."

Sai ya ba ni amsar da na kira shi dominta.

"Motar tan ɗaya da rabi ce. Ɗauko na tan uku. In suna da matokarai, ki haɗo da su."

"Ga su a gabana."

"To. Ki taho a hankali, kada ki ce za ki ɗauka da kanki, yana da nauyi."

Na kashe wayar. Dattijon ya duba katakon ya ce layina bai motsa ba. Na gyaɗa kai, sai a lokacin na zauna a bencinsa, karo na farko tun zuwana. Hawaye suka zo, ban hana su ba. Da na duba hannuna sai na ga tef ɗin a naɗe a yatsuna, babban yatsana yana danne a kan inci biyu da rabi. Ɗan guntu ne, ko kalmasar bakin zane ta kusa kai shi.