Ranar da Zauren Mai-Gyara Ya Cika

Ga ta nan, ga ta nanku, amma a kife wayoyin nan tukuna.

Ta zo mu ji ta, mun kife.

Akwai wata mai gyaran waya, kowa Mai-Gyara yake ce mata. A ƙarƙashin teburin da take zube ƙananan kusoshi ta ajiye wata tsohuwar kwamfuta, fankarta na ƙara kamar mai tari. A cikinta ta buɗe zauren hira na intanet. Ba irin na manyan kamfanoni ba ne, inda mutum ɗaya ke riƙe da makullin kowa. Nan teloli da zaurensu, direbobi da nasu, kowanne da mai kula da shi, amma akwai hanya tsakani, saƙo ya fita nan ya faɗa can. In mai wani zaure ya ga maƙwabta sun cika fitina, sai ya toshe hanyar.

Don Baffanta ta buɗe shi, yayan mahaifinta, tsohon direban babbar mota da ciwon ƙafa ya zaunar a ɗaki. Kullum da safe tsohon yaron motarsa, wanda ake kira Ribas, shi ma furfura ta gama da kansa, yakan aiko daga zauren direbobi: "Oga, ka tashi, ko sai an tura?" Baffa ya mayar masa da cewa wanda ya tsufa bai iya komawa da mota baya ba, ba shi da bakin magana. Sai ya yi dariya, ya karya, ya sha magani. In ba a yi wannan tsiyar ba, ko cokali ba ya ɗagawa.

To, yarinyar nan tana da hali guda. Duk wanda ya shigo zauren, ita da kanta take masa maraba, ta tambayi sana'arsa, ta haɗa shi da wanda za su shirya. Kuma bi da bi take amsawa, ba ta tsallake kowa.

Ana nan sai wani babban kamfani ya ɓata wa mutanensa rai, suka yi ta kwararowa ƙananan zauruka, har da nata. Yawancinsu mutanen kirki ne, wuri kawai suke nema. Amma kwamfutar ta yi zafi har ba a iya ɗora mata hannu, hoto ya wuni bai buɗe ba. Masu kawo gyara suna tsaye a bakin shago, ita tana can tana rubuta "sannu da zuwa". A cikin taron kuma aka samu masu tallan ƙarya da masu zagi, suka bi hanya suka dami direbobi. Mai kula da zauren direbobi ya aiko mata gargaɗi, saƙon ya shiga layi a bayan gaishe-gaishe, bai kai gabanta ba. Da ya ji shiru, ya toshe hanya.

Safiya ta yi, Ribas bai yi magana ba. Wata ta sake yi, shiru. Baffa ya juya fuska bango. Mai-Gyara ta ce bari ta kira masa Ribas, ya ce a'a, shi bai taɓa neman yaronsa ba, yaronsa ke nemansa. Abinci ya riƙa komawa yadda ya zo.

Ranar ta tsallake layi karo na farko, ta tarar da gargaɗin. Ta kira mutumin tana ba shi haƙuri. Ya ce shi ma mutum ɗaya ne, kuma tuƙi ke ci da shi, ba zai wuni yana share zagin baƙinta ba.

"'Yata, ko mota in ta cika direba rufe ƙofa yake yi," in ji shi. "Na bakin titi ya jira ta baya."

Da ƙyar ta yarda, amma ta rufe karɓar sababbi, ta rubuta sunayen zaurukan da ke da fili don masu zuwa su nufi can. Wasu suka ce ta yi girman kai, abin ya ci mata rai ƙwarai. Cikin waɗanda ta yi wa maraba kuwa, wata ma'aikaciyar jinya da wani malamin makaranta suka ce a ba su tsintsiya. Suka kori masu fitina, sannan direbobi suka buɗe hanya.

Washegari wayar Baffa ta yi ƙara: "Oga, in ka mutu ka faɗa min mana, in daina ɓata katina."

Baffa ya ce a ɗumamo masa abincin nan, yana da ɗan banzan da zai yi wa raddi.

Mai-Gyara ta koma kan teburinta, maraba kuma yanzu su uku ke yi. Malamin daga baya ya buɗe nasa zauren, ya kwashi rabin baƙin. Kwamfutar tana nan tana tari. Baffa ya mayar da jikinsa, Ribas kuwa har yau bai iya komawa da baya ba.