Kanwar Iya Sharifa

Ga tawa nan tafe, ku matso.
Ta iso, muna ji.

A wani ƙauyen Hausawa kusa da Abu Na'ama, can ƙasar Sudan, akwai tsohuwa, Iya Sharifa, ita kaɗai a gida. Miji ya rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci. Da safe ta dafa shayi, ta sha rabi, ta zubar da saura. Abin da ke cinta rashin mai ce mata sannu, amma ita ba ta iya buɗe baki ta ce wa mutum zo ba. Haka Allah ya yi ta.

Da sabulu ya yi tsada, sai ta koma haɗa nata. Ta goge guntayen sabulu, ta dafa su da kanwa har su yi kauri, ga ruwan wanki mai auki. Na ɗauraya kuma lemun tsami ne da ɗigon humra, tufa ta fito laushi laushi.

Rannan kanwa ta ƙare. Ta ari wayar maƙwabciya ta kira jikanta Sa'id, direban lori a Damazin, wanda Larabci ya cinye masa harshe.

"Maigida, ka manta da matarka ko? In za ka biyo, ka taho mini da kanwa."

"Tamam, ya Habboba, an gama Kaka! Tsohuwar mata sai aike."

Kun san yaran yanzu, kanwa da sunanta na Larabci, atrun, suka san ta. Kanwa da ƙanwa kuwa a kunnensu duk abu ɗaya ne.

Ranar kasuwa da hantsi lori ya tsaya a ƙofar gida. Sa'id ya zagayo ya sauko da wata tsohuwa ramammiya, riƙe da ƙullin kaya. Sakina ce, ƙanwar Iya, wadda yaƙi ya koro daga Hasahisa, take raɓe a gidan surukan 'yarta a Damazin. Rabonsu da juna an daɗe, kowacce tana jiran ɗaya ta fara nema.

"Ga saƙonki," in ji Sa'id yana washe baki. "Da ƙyar na gano gidan."

Iya ta buɗe baki za ta ce, kai sakarai, ta wanki nake nufi. Sai Sakina ta riga ta.

"Yaya, da ya ce ke kika ce a kawo ni, ban ko tsaya neman ɗayan takalmina ba. Na ɗauka babu sauran mai nemana."

Iya ta dubi ƙafar: silifa ɗaya ja, ɗaya baƙi na aro. Ta san jininsu. In Sakina ta ji ba ita aka aika a kawo ba, a lorin nan za ta koma, ko ruwa ba za ta sha ba. Sai ta haɗiye maganar.

"To shigo mana, kin tsaya kamar baƙuwa. Dubi tufarki, duk dauɗar hanya."

Sa'id ya sha shayi ya wuce. Sakina ta tuɓe tufar tafiya, ta leƙa bayan ɗaki, ta ga tukunya da gogaggen sabulu a ciki, ga kwanon kanwa wayam. Ta daɗe tana kallon kwanon. Iya ta yi kamar tana tsince shinkafa.

"Yaya, mi kika ce wa yaron nan ya kawo?"

"Abin da ya kawo."

Sai Sakina ta ce, "Akwai karan riɗi? Inna da tokarsa take yi, ba ta jiran kanwa."

"Yana nan tuli bayan danga. Ke dai ba ki iya tacewa ba tun kina yarinya."

"Ni? Wa ya taɓa ƙona zanen Inna?"

Suka ƙona kara, suka tace toka, suka dafa, suna musu har la'asar.

Sakina ta zauna a gidan har damina biyu, sannan Allah ya karɓi abinsa. Sa'id yana nan yana tuƙi, ba wanda ya taɓa faɗa masa kuskurensa. Iya Sharifa kuma tana nan a ƙauyen ita kaɗai, tana wankinta da toka.