Surukin da Ba Ya Ɗaga Kai

Duk Bodinga an san Malam Maniru tela da abu biyu: ɗinkin babbar riga da wasan tenis. Ɗinkin akwai masu ƙorafi. Tenis kuwa, tun da aka fara shi a garin ba wanda ya taɓa cinye Maniru.

Yana saurayi ya yi aikin tsintar ƙwallo a wani kulob na manyan ma'aikata a Sakkwato, ya dawo gida da tsofaffin raket biyu, abin bugun nan mai kama da rariya. Filin wasan dandamalin siminti ne na shanyar albasa a bayan kasuwa. In an kwashe albasa sai a ɗaura tarun kamun kifi a tsakiya, a ja layi da toka. 'Yan kallo kan yi hawaye, amma ba don wasan ya taɓa musu zuciya ba.

Makamin Maniru ido ne. Sai ya zare shi ya dubi hagu, har da ɗaga gira, ya aika ƙwallo dama. Yaro ya ruga hagu ya tarar da iska. Kowa ya san dabarar, kowa kuma sai ya faɗa, don idon nan ja yake yi kamar igiya.

Da la'asar yakan zauna bencin gaba a gidan kallon Salisu in ana nuna gasar ƙasashen waje. 'Yan shekarun nan kallon ya daina yi masa daɗi. Manyan da ya sani, masu kofuna cike da ɗaki, sai wani yaro da ko gemu bai tsira ba ya yi waje da su tun zagayen farko, har yana dunƙule hannu yana ihu.

"Rashin tarbiyya na," in ji Maniru. "Ka dubi sa'an ubanka cikin ido, ka kore shi gaban iyalinai? Nan Bodinga ba a haka."

Salisu ya ce, "Baba, nan ma da suna iyawa da sun yi."

"Ƙara muna sauti, kai dai."

To, ɗiyar Maniru, Mufida, tana auren wani malamin firamare daga Horo Birni, can ƙasar Shagari, sunansa Zainulabidin. Dogo, shiru-shiru, ga kunya kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Tun da ya fara neman aure bai taɓa duban surukinsa sama da gwiwa ba. Da za a ce ya kwatanta kamannin Maniru, takalmi kawai zai faɗa. Ashe yana buga tenis tun yana kwaleji, bai dai gaya wa kowa ba.

Da gasar bayan Sallah ta zo, sai ga sunansa cikin 'yan wasa. An ce Mufida ce ta ba da shi. Ita ta ce ba ita ba ce, amma da ta faɗa ɗankwali ne a bakinta. Zainulabidin ya yi ta kaɗe samari ɗaya bayan ɗaya, yana ba su haƙuri, har ya waiwaya ya ga saura mutum guda a gabansa, surukinsa. Nan take ya aiko cewa ya yi targaɗe.

Hajjo, matar Maniru, ta ce, "Malam, ka bari shi janye. Kai ka huta, shi ya huta."

"A ce kyauta anka ba ni kofi? Shi taho, ko bisa jaki."

"Ba ka jin shawara."

"Ke mi kinka sani ga tenis?"

"Na san gwiwarka. Ni ka gasa ta."

Ranar wasa har mata sun jeru bayan katanga. Zainulabidin ya tuɓe takalmi a bakin dandamali, sai da Haliru alƙalin wasa ya rantse ba zai bari a fara ba sannan ya mayar. Ya durƙusa ya gai da surukinsa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, aka fara.

Maniru ya dubi hagu, ya buga dama. Yaro na dama, ƙwallo ta dawo. Ya dubi dama, ya buga hagu. Yaro na can yana jira, kai a sunkuye. Kowane maki ya ci sai ya rusuna ya ce, "A yi haƙuri, Baba." Maniru ya yi ta zare ido har jijiyar wuyansa ta ɗaure.

Sai da aka zo sauya gefe, yaron ya raɓa ta jikin taru yana sunkuye kamar mai neman allura, sannan Maniru ya gane. Tun da aka fara bai ga komai na yaron nan ba sai tsakiyar hula. Shi kuma yaron bai ga komai nasa ba sai ƙafa. Ido ya iya ƙarya. Ƙafa kuwa inda za ta buga nan take fuskanta, baiwar Allah.

"Kai wanga! Ɗaga kai ka dube ni!"

"Allah shi kiyaye, Baba."

"Na yafe maka. Yau babu surukuta, sai an tashi."

"Ba ni iyawa, Baba."

Maniru ya juya ga Haliru. "Alƙali, ba doka ta ce a dubi abokin wasa ba?"

Haliru ya sosa ƙeya. "Malam, kai ka koya muna dokokin. Ba ka hwaɗi wagga ba."

Daga cikin mutane Salisu ya ɗaga murya: "Tarbiyya ta, Baba! Irin wadda babu ƙasashen waje!"

A gaskiya yaron ya yi iya ƙoƙarinsa ya faɗi. Ya daina bugu da ƙarfi, ya koma lallaɓa ƙwallo a hankali, don girmamawa. Sai dai ƙwallon da aka lallaɓa gindin taru take sauka, wurin da gwiwar Maniru ta daɗe da daina zuwa. Ladabin ne ya ƙarasa shi. Da Haliru ya ce wasa ya ƙare, Zainulabidin bai tsaya karɓar kofi ba. Ya hau babur, sai abokai suka bi shi da kofin har Horo Birni.

Washegari da hantsi ga kofin a zauren Maniru, tare da kwandon albasa da ƙullin goro, wai gaisuwar suruki. Maniru ya daɗe tsaye a kansa. Ba a mai da gaisuwar suruki. Haka kofin ya koma kan kantar shagon ɗinki, daidai inda ya saba zama har ƙura ta bar masa shaida, kowa ya shigo awo sai ya dube shi ya tambayi lafiyar mutanen Horo Birni.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma Maniru ya yi kuskuren bayyana wa Hajjo yadda aka yi, Hajjo kuwa tana da bikin suna a maƙwabta ranar nan. Kafin a sake shanya albasa, duk saurayin da zai kara da Malam Maniru sai ya shigo kai a ƙasa, ido kan takalmi. Dattawan unguwa sun yaba ƙwarai, sun ce samarin bana sun yi hankali.

Maniru bai sake cin wasa ba. An dai hango shi ta katanga a bayan gida, raket a hannu, yana koya wa ƙafarsa ta hagu ƙarya. Hajjo ta leƙo ta gani, ta koma ta ɗora ruwan gashi.