Bakin da Baba Yake Karantawa

Babanmu mai gyaran agogo ne, kuma kurma ne. Ba haka aka haife shi ba. Shekara ɗaya da aurensu da Mama zazzaɓi ya kwantar da shi sati uku, ya tashi komai nasa lafiya lau sai kunne. Magana kam yana yi, har ta fi ƙarfin ɗaki, don bai san inda muryarsa take kaiwa ba. In ya ce zai gaya maka sirri, to mai shagon kusa ma ya gyara zama.

Ido ne ya rage masa, idon kuma bakin mutum ɗaya ya iya karantawa a duniya, na Mama. Mu 'ya'yansa huɗu ya ce tauna magana muke yi kamar cingam. Maza masu gashin baki ya ce sun sauke labule. Amma Mama ko daga bakin ƙofa ta motsa leɓe, ya kama. Shekara talatin da huɗu tana zaune a kujerar roba gefen teburinsa, wanda ya kawo gyara ya yi bayani, ita ta juya ta maimaita masa ba tare da sauti ba. Ita take ba shi labaran talabijin, da ɗan ƙari. Ita take gaya masa abin da aka faɗa a taron dangi, da ɗan ragi. Rediyo yake kiranta, ita kuma ta ce Malam. Ya iya karatu sarai, amma miƙa masa rubutu ka ga ɓacin rai. "Ni ofis ne da za a rubuto mini wasiƙa?"

Ni ce 'yar fari. A gida Manaja suke ce mini, wai na cika tsara wa mutane rayuwarsu. Ban taɓa musawa ba, don in ban tsara ba babu mai tsarawa.

Baba ne ya fara ganin kumburin, tunda shi yake wuni yana kallon fuskar. Wata safiya ya ajiye kofin shayi ya ce, "Rediyo, ƙasan muƙamuƙinki na hagu ya fi na dama." Mama ta ce to yanzu kuma ƙiba ce laifinta. Abin ba ya ciwo, sai ta share shi wata uku cur. Ranar da na sa yatsa na ji shi da tauri kamar ƙwallon dabino, ban tsaya neman shawarar kowa ba, na zuba su a mota su biyu.

Likitar mace ce, doguwa, mai saurin magana, fuskarta rufe da takunkumi. Bayan hoto da gwajin allura da jiran sati biyu, ta zaunar da mu ta yi bayani. Kaluluwa ce, in ji ta, 'yan ƙananan ƙwayoyin da suke tace dattin jiki. Uku sun kumbura sun yi tauri, allurar kuma ba ta ba da amsa ba. Dole a buɗe a cire duk na ƙarƙashin muƙamuƙin hagu, a kai ɗakin gwaji a duba ko ciwon daji ne.

"Akwai abu ɗaya kuma, Mama," ta ce. "Wata jijiya siririya kamar zare tana bin gefen ƙashin nan. Ita take motsa leɓen ƙasa. Zan lallaɓa ta iya ƙoƙarina, amma wani lokaci ko taɓa ta aka yi sai ta yi fushi. Leɓen ya karkace wata uku, wata shida. Wani lokacin ya zauna haka."

Ni kalmar daji kawai na ji, na shiga jero tambayoyi. Mama ta bari na gama, sannan ta ce, "Likita, karkacewar kamar yaya? Mai kallon bakin zai gane abin da ake faɗa?"

Likita ta ce za a ji maganarta sarai.

"Ba ji nake tambaya ba, 'yata."

Sai a lokacin na gane, kunya ta kama ni. Mama ta juya ta mayar wa Baba komai, wannan karon ba ƙari ba ragi. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Babanmu ba ya buɗe agogo sai ya zana inda kowane ƙarfe yake zaune, kuma haka ya ɗauki wannan al'amari. Washegari ya aiki kansa kantin magani ya dawo da naɗin filasta. Ya zaunar da Mama a gaban taga, ya manna filastar a gefen leɓenta na hagu, ya ja ƙasa ya liƙe a haɓa.

"Tunda nan za a yanka, nan ne zai faɗi," ya ce. "Kwana goma sha biyu gare mu kafin aikin. Fara."

Kullum bayan shayin safe, awa ɗaya, Mama tana karanta jarida da baki a ɗaure, Baba yana maimaitawa da ƙarfi. In ya yi daidai ya ja layi a takarda, in ya faɗi ta buga masa jaridar a gwiwa. Wata mata ta kawo agogon bango, ta leƙa ta ga abin da ake ciki, ta koma da agogonta ba ta ko yi sallama ba. Kawu, ƙanin Mama, ya zo dubiya ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, shekara hamsin muna neman maganin bakin nan, ashe a kantin magani yake." Mama ta zage shi ta gefe ɗaya, Baba ya fassara mana zagin kalma bayan kalma, bai kuskure ko ɗaya ba. A kwana na goma yana cin tara cikin goma, yana ta hura hanci.

Ni dai ban yarda da filasta ba. Na sayi ƙaramin farin allo da alƙalaminsa na ɓoye a but ɗin mota.

Ranar aikin, da ƙarfe takwas na safe aka tura ta ciki. Awa biyu da rabi muna kan bencin baranda. Na gwada yi wa Baba magana a hankali, ina buɗe baki kamar kifi, ya dafa hannuna ya ce, "Manaja, bar shi kawai." Can ya lura agogon bangon barandar yana baya da minti bakwai. Ya hau benci ya sauko da shi, ya zaro 'yar sukudireba daga aljihu. Wata nas ta zo za ta yi magana, ta ga yadda ya duƙufa a kai, ta wuce abinta.

An fito da Mama da bandeji daga kunne zuwa haɓa, da 'yar roba siririya da take janye ruwa zuwa cikin wata ƙaramar kwalba. Likita ta ce aiki ya yi kyau, ta cire guda tara, jijiyar tana nan ba a yanke ta ba, sai dai ta sha ja. Da la'asar Mama ta farka sosai. Baba ya ja kujera ya zauna daidai fuskarta, ya gyara tabarau kamar ɗalibin da ya san ya yi karatu.

Mama ta buɗe baki ta yi magana. Gefen hagu bai faɗi ba. Yana nan a sama, ya rufe haƙora, ko motsi ba ya yi. Gefen dama, mai lafiyar, shi ne ya zame ƙasa shi kaɗai.

Baba ya kalla, ya karkata kai ya sake kallo. Ya ce, da muryar da duk ɗakin marasa lafiya ya ji, "Ba wannan muka karanta ba."

Da likita ta zo zagaye na ba ta labarin filasta, ta yi dariya har sai da ta dafa gado. Ta ce aikin jijiyar shi ne jan leɓe ƙasa, in ta yi barci gefen ba ya iya sauka, sai ɗayan ya sauka shi ɗaya. Kwana goma sha biyu ke nan suna haddace bakin a juye. Mama ta riƙe wuya tana dariya tana cewa a yi mata rai, ɗinki zai farke. Baba ma ya yi dariya don ya ga muna yi. Amma na lura bai kama ko kalma ɗaya daga abin da ta ce ba, kuma ita ma ta lura.

Kwana uku na farko a gida ba su yi daɗi ba. Ta yi magana ya ce sake, ta sake ya ce sake, har ta haƙura. Gidan da ba a taɓa rasa hayaniya ba ya koma sai ƙarar agoguna. Na je na ɗauko allona. Mama ta karɓa ta rubuta, "Ka sha magani?" Baba ya karanta. Bai yi fushi ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Na sha, na gode," kamar yana amsa wa baƙuwa. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na fita na zauna a mota na yi kuka, ina jin haushin allon da kaina.

A rana ta huɗu ya shigo ɗaki da tawul jiƙaƙƙe, ya kalli Mama ido cikin ido, ya yar da shi a kan gado.

"Malam, lafiya?" in ji Mama.

"Yi mini faɗa."

"Wane faɗa?"

"Faɗan tawul. Shekara talatin kina yi, na haddace shi kamar sunana. In na san abin da za ki ce, zan ga yadda sabon bakin yake faɗarsa. Yi."

Mama ba a roƙonta faɗa sau biyu. Ta fara daga tawul, ta wuce zuwa ƙananan sukurori da yake bari a aljihu suna lalata injin wanki, ta gangara kan takalmin da yake ajiyewa a tsakiyar hanya. Baba yana zaune yana bin ta da baki, fuskarsa fal murna, yana cewa, "Yauwa. Maimaita na sukurorin." Daga ranar aka kafa doka, faɗa sau uku a rana bayan abinci. Da tsofaffin suka ƙare ya shiga yin sababbin laifuka da gangan. Kawu ya ce bai taɓa ganin mutumin da ake zagi yana godiya ba. Mama ta warware, har ta fara cin abinci da kyau, don faɗa yana buɗe mata ciki.

Sai dai faɗa abu ne da ya sani. Sabuwar magana, wadda bai taɓa gani ba, har yanzu rabi yake kamawa, wani lokacin ko rabin babu. Kuma ranar karɓar sakamako ta zo.

Muka zauna a ofishin likita, Mama a tsakiya, an cire ɗinki, tabon yana kwance a lanƙwasar wuya. Likita ta buɗe fayil, ta yi magana ta bayan takunkuminta. Duka taran an duba. Babu ciwon daji. Tsohon kumburi ne daga wata cuta da jiki ya riga ya ci ƙarfinta. Leɓen kuma a ba shi lokaci.

Baba bai kalli likita ba, bai kalle ni ba, bakin Mama kawai yake jira. Ta juya gare shi, ta faɗa masa a hankali da leɓenta karkatacce.

Bai motsa ba. Ya ce, "Sake faɗa."

Ta sake. Idonta ya fara kawo ruwa.

"Sake."

Zuciyata ta karye. Na jawo takarda daga teburin likita na fara rubutu, ya sa hannu ya danne takardar ba tare da ya ɗauke ido daga fuskarta ba. Mama ta faɗa a karo na uku, leɓen yana rawa, hawaye suna bin tabon.

"Babu daji, duka taran lafiya, tsohon kumburi ne," Baba ya ce, da muryarsa mai cika ɗaki. "Tun na farko na gane. So nake in ƙara ganin kina faɗa."