Wa Zai Kashe Ƙuri'ar Orval?

A ƙauyenmu na Ostrand, cikin jihar Iowa ta Amurka, kowa ya san Orval Kuhlman da Merle Tjaden ba don su zaɓi wani suke zuwa zaɓe ba. Zuwa suke su kashe ƙuri'ar juna. Shekara arba'in da huɗu ke nan, duk zaɓen shugaban ƙasa, ƙarfe bakwai na safe Merle zai tsaya da a-kori-kurarsa a ƙofar Orval ya danna hon, su nufi ofishin 'yan kwana-kwana inda ake kaɗa ƙuri'a. Orval ya ba jam'iyya mai alamar jaki, wadda ya gada wurin ubansa tare da gona da ciwon gwiwa. Merle ya ba mai alamar giwa, ta masu ra'ayin riƙau. Wannan ta cinye waccan, shi ke nan, sai su zarce shagon Lorna Hinrichs su sha kofi da kek ɗin tuffa, suna zagin juna har rana ta yi tsaka.

Kada ku raina abin. Tun da matansu suka rasu, 'ya'ya suka watse birane, wannan faɗan ne kaɗai ya rage musu. Mazanmu kuwa gara a cire wa mutum haƙori da ya ce wa ɗan'uwansa ya yi kewarsa. Sai dai ya kira shi wawa, kowa ya gane.

Saura mako uku zaɓe, an gama girbin masara, Orval ya biya ta gidan Merle sai ya ga an kafa wani allo ruwan ɗorawa a bakin hanya, da wani suna baƙo a jiki.

"Kai Merle, wane ne kuma Pruitt? Mai sayar da taki ne?"

"Ɗan takarar shugaban ƙasa ne, jahili. Likitan haƙori, daga Idaho. Jam'iyyar Tushe."

"Jam'iyyar me? Su nawa ne a ciki, shi da matarsa?"

"Ko shi kaɗai ne, shi zan ba," in ji Merle, yana goge hannu da tsumma. "Giwar nan ta lalace, Orval. Da mun san ta da tsimi, da kunya, da barin mutum ya yi noma gwamnati ba ta leƙa masa rumbu ba. Dubi wanda suka tsayar bana. Ya fi naku ɓarna, ya fi shi surutu. Ni dai ban canza ba, kuma ba zan bi su rawa ba."

Orval ya buɗe baki zai yi dariya, sai dariyar ta maƙale.

"To ni fa? Wa zai kashe tawa?"

"Ka bar ta ta rayu mana."

Ai kuwa nan ake yin ta. Gaskiyar da Orval bai taɓa gaya wa kowa ba ita ce, tunda yake bai taɓa sauraron jawabin ɗan takarar jaki har ƙarshe ba. Me zai sa ya wahala? Shekara da shekaru yana harbi da bindigar da ya san babu harsashi, yanzu rana tsaka an ɗura masa. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi tsorata shi shi ne, in babu ƙuri'ar da za a kashe, me zai kawo Merle ƙofarsa? Tsoro sosai ya ji, irin na tsohon da ya ga gida ya yi masa girma.

Sai ga abin da Ostrand ba ta taɓa gani ba: ɗan jaki na gado yana yi wa giwa kamfen. Kullum yana gidan Merle.

"Haba Merle, ina biyayya? Jam'iyyar da ta rufa maka asiri tun kana saurayi!"

"Wane asiri? Hula ɗaya suka taɓa ba ni, ita ma ta yi mini kaɗan."

"Ɗan takararku fa mutumin kirki ne."

"Makon jiya ka ce kura ce da taye."

"To kurar gida ce, ka riƙe abarka."

Da ya ga lallashi ya ƙi ci, sai ya yi abin kunya. Lorna mai shagon kofi ita ce shugabar jam'iyyar giwa a yankinmu, mace ce da in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna duk laifin da ka yi tun firamare. Orval ya je ya tsegunta mata. Washegari Merle na shigowa, shago cike, ta dire masa kofi har ya fantsalo.

"Merle Tjaden, shekara ashirin kana riƙe mana tuta a faretin ranar 'yancin kai. Yanzu ka tsufa za ka watsa mana ƙasa a ido? Duk ƙuri'ar da ka ba mai haƙorin nan, jaki ka miƙa wa."

"Tawa ce ai, Lorna."

"Tutar kuma tamu ce. Ka zaɓa."

Merle ya miƙe, ya cire hula, ya rantse a gaban manoma goma sha biyar cewa ko sama da ƙasa za su haɗu, Pruitt zai ba. Sannan ya juya ya dubi Orval, wanda ya duƙufa yana ta juya kofin da babu sukari a ciki.

"Munafuki," ya ce, ya fita. Kwana goma sha biyu ba su yi magana ba.

Ranar zaɓe tun shida da rabi Orval ya sa rigarsa, ya zauna bayan ƙofa. Bakwai ta yi, shiru. Bakwai da kwata, shiru. Har ya fara kwance igiyar takalmi sai ya ji hon, guda ɗaya, gajere, na mai fushi. Ya fita da sauri har ya manta da gwiwar, ya shiga mota suka nufi rumfar zaɓe.

A bayan labule Orval ya daɗe da biro a hannu. Ga sunan ɗan jaki, inda hannunsa ya saba zuwa ko da ido rufe. Can ƙasa kuma ga Pruitt, a rakuɓe. Ya tuna yadda gobe garin nan zai taru ya yi wa Merle dariya, shi kaɗai, kuma shi Orval ne ya tara masa mutanen. Ya ce a ransa, in dai zubarwa ce, a zubar tare. Ya nemi gafarar ubansa, ya cike da'irar likitan haƙori, mutumin da ko manufarsa ɗaya bai yarda da ita ba.

Washegari da safe aka liƙa sakamakon rumfarmu a ƙofar 'yan kwana-kwana kamar kullum, mutane suka yi cincirindo. Giwa ɗari biyu da goma sha biyu. Jaki sittin da ɗaya. Pruitt, ɗaya.

Wuri ya kaure da shewa. Orval bai yi dariya ba. Ya sake duba takardar, ya goge tabarau, ya kuma dubawa. Ɗaya tal, kuma ya san hannun da ya kaɗa ta. Ya waiwaya. Merle na tsaye, kunnuwansa sun yi jawur, ya ƙura wa lambar ido, shi ma ya san ba tasa ba ce.

"Ga 'yar marainiyarka can, Merle!" in ji Lorna. "Ko za ka kai ta gida ka raine ta?"

Magana ɗaya Orval zai yi ya gama da Merle har abada: uban 'yan aƙida, mai rantsuwa da cire hula, ya shiga bayan labule ya durƙusa wa giwa. Tun suna samari yake neman irin wannan dama, yau ga ta har ƙofa.

"Ku yi ta dariya," ya ce da ƙarfi. "Mutum ɗaya ne a garin nan ya faɗi magana ya tsaya a kanta. Sauranku tumaki ne, har da ke, Lorna."

A mota Merle ya riƙe sitiyari, bai tayar ba.

"Hannuna ne ya ƙi, Orval. Na kai biron har wurin Pruitt, sai kawai na ga..."

"Wa ya tambaye ka?"

"Ɗayar nan fa, kai ne ka..."

"Taka ce. Kuma in ka kuskura ka ce ba taka ba ce, na rantse sai na gaya wa duk garin nan kuka kake yi yanzu."

"Wa ke kuka? Ƙaiƙayin masara ne, tsohon banza."

"To tayar mu tafi."

Merle ya daɗe yana laluben aljihu, yana neman makullin da ke hannunsa.