Zaman Makoki a Marj Zaitun

Marj Zaitun unguwa ce da ba ta girmi ɗan firamare ba, amma in ka ji mazaunanta suna ba da tarihinta sai ka rantse kakanninsu ne suka sare dajin. Dajin ma babu shi. Yashi ne fetal a bayan Dubai, inda manyan motoci ke zubar da ɓaraguzan gini, har wani kamfani ya zo ya kewaye wurin da katanga, ya haƙa tafki ya ɗura masa ruwa, ya shimfiɗa ciyawa kamar darduma, ya raɗa masa sunan zaitun alhali ko bishiyar zaitun ɗaya babu. Ƙofar shiga guda ce, da mai gadi da ƙarfen tare hanya. Abin da ke jan mutane kuwa ba tafkin ba ne, makarantar da ke tsakiyar unguwar ce, wadda ba ta ɗaukar yaro sai iyayensa suna zaune a cikin katangar. Ranar da ka bar gidan, ranar ɗanka zai bar aji.

Saboda makarantar nan Wasila ta hana mijinta Abdulganiyyu sakat har suka tashi daga tsohuwar unguwarsu ta Karama. Shi Bakano ne mai tura kaya gida daga kasuwar Sabkha, mutumin jama'a, wanda abinci ba ya wuce masa in shi kaɗai ne. Ita kuwa 'yarsu Kamila ta sa a gaba, kuma ba ta ɓoye ba: ko ana ha maza ha mata, a makarantar nan yarinyar za ta gama.

Da aka bugo daga Kano cewa mahaifin Abdulganiyyu ya rasu, fasfonsa ya ƙare, sabon bai fito ba. Aka binne tsohon ba shi. Sai mutanensa suka yi abin da aka saba, tunda bai je makoki ba suka kawo masa makokin gida. Kafin azahar 'yan Sabkha sun bar shagunansu, direbobi da leburori sun taso daga Muhaisnah, unguwar leburori da ake wa laƙabi da Sonapur, falo ya cika ya batse. Aka fito da tabarmi aka shimfiɗa a kan ciyawar ƙofar gida har bakin hanyar masu keke. Wani bawan Allah ya tsuguna da butarsa ya yi alwala a gindin furen maƙwabci, da lokaci ya yi kuma aka ja sahu a waje.

Wasila tana kicin lokacin da Hajiya Ramlat ta shigo ta ƙofar baya. Ita ce Bahaushiyar farko da ta zauna a unguwar, tana cikin kwamitin mazauna, kuma ta fi kowa tsanar a tuna mata daga inda ta fito.

"Allah ya jiƙan Baba," ta ce daga tsaye. "Wasila, me kuka mayar da mu? Kantin Kwari?"

"Hajiya, mutuwa fa aka yi mana."

"Kowa ana yi masa mutuwa. Da tawa uwar ta rasu, wa ya ji? Shekara da shekaru ina gyara mana suna a community ɗin nan, ku rana ɗaya kun kwaso mana Sonapur kaf. Hotunanku suna ta yawo a wayoyin mutane, complaint ya kai management. In aka sake ganin haka gobe, landlord ba zai sabunta muku haya ba, khalas, shi ke nan. Sai ki nema wa Kamila wata makarantar."

Wasila ta ji kamar ta watsa mata miyar da ke kan wuta. Ta tsani matar nan tun ranar da ta fara ganinta, amma tsana daban, tsoro daban, kuma tsoron ne ya yi nasara.

Washegari da sassafe ta kira ƙofar unguwa a waya. Mai gadin Sualah ne, mutumin zangon Kumasi.

"Duk wanda ya ce gidanmu zai zo, ka ce ba a karɓar baƙi."

"Madam, ai funeral ne. Maigida ya sani?"

"Ni na ce. Ka yi aikinka."

Da hantsi ya sake kiranta. "Madam, wani dattijo ne a nan, Alhaji Sanda, shi da jama'a. Ƙafarsa ba ta da kyau, ba ya iya tsayuwa."

Ta san Alhaji Sanda sarai. Aminin marigayin ne, kuma a ɗakinsa Abdulganiyyu ya kwana sa'ad da ya fara sauka Dubai ba shi da kowa. Har muryarsa ta jiyo ta cikin wayar yana cewa, "'Yata, ni ne fa." Ta katse kiran, ta kife wayar a kan tebur.

Abdulganiyyu ya wuni a falo da carbi a hannu, da ya ji ƙarar mota sai ya ɗaga labule. Ya kira mutum biyu ba su ɗauka ba. Wasila ta ce masa, "Ka san Dubai, kowa da aikinsa." Ya gyaɗa kai kawai, kuma yardar da ya yi da maganar ta fi komai ci mata rai.

Ranar addu'ar uku ta tashi ta dafa shinkafa da nama mai yawa, ta soya waina, ta kira Sualah ta ce a bar mutane su shigo, amma kaɗan-kaɗan, kuma a cikin gida za a zauna. Tana ganin ta yi dabara, ta raba gardama. La'asar ta yi, abinci ya huce, ko mutum ɗaya bai zo ba. Daga bisani Abdulganiyyu ya kira Alhaji Sanda, falon kuma ya yi tsit har Wasila tana jin kowace kalma daga bakin ƙofar kicin.

"Abdulganiyyu, mun yi wa mahaifinka addu'a ɗazu a Sabkha, a saman shagon ɗan'uwanmu Kamal. An sauke Alƙur'ani, an yi sadaka. Aminina ne, ba zan bari ya rasa masu roƙa masa gafara ba."

"Baba, ba ni? Ba wanda ya gaya mini."

"Mun zo ƙofarku jiya. Aka ce uwargida ta ce ba a karɓar baƙi. Mu kuma ba ma zuwa inda aka kore mu. Allah ya ba ka haƙuri."

Abdulganiyyu ya ajiye wayar a hankali. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Wasila ta fara magana, tana ambaton Hajiya Ramlat, da mai gidan hayar, da Kamila, ya ɗaga mata hannu.

"Kamila za ta gama makarantarta, ki kwantar da hankalinki," ya ce. Ya tura ƙafa cikin takalmi, ya ɗauki makullin mota. A bakin ƙofa ya tsaya bai juyo ba. "Amma ki fara tunani tun yanzu, Wasila. Ranar da na mutu a gidan nan, wa za ki kira ya ɗauki gawata?"