Gasar Lissafi a Bakin Rafi

Ni direban a-kori-kura ne. Masara nake ɗauka da taki da buhunan gawayi, tsakanin Birnin Gwari da ƙauyukan hanyar Kuyello. Karatuna a firamare ya tsaya. Amma 'yata Jamilatu tana aji biyar na sakandare, kuma lissafi ne abin da ta fi so a duniya.

Ita da abokan karatunta biyu, Loveth da Tasi'u, suka shirya wa yaran ƙaramar sakandare gasar lissafi. Makarantu biyu na cikin gari suka amsa. Ta ukun tana wani ƙauye a tsallaken rafi, inda Malam Ephraim yake koyarwa. Tun da dajin nan ya rikice a shekarun baya, ba wanda ya ƙara gayyatar yaransa komai. Jamilatu ta aika musu ta bakina cewa da su za a yi, ta yi alkawari. Tun daga nan, duk ranar da na bi ta ƙauyen, wata yarinya mai suna Miriam sai ta tare ni.

"Baba direba, gasar tana nan?"

"Tana nan, ni ma zan zo in ɗauke ku."

Ranar gasar aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita na tayar da mota, sai ga Jamilatu a kujerar gaba da jakarta.

"Ina za ki?"

"Ɗauko baƙina, Baba."

Na ce hanyar ba ta 'ya'ya mata ba ce. Ta ce ai Miriam ma 'ya mace ce, kuma ta hanyar za ta biyo. Na saka giya. Amma na gindaya mata sharaɗin da nake gindaya wa kaina kullum: la'asar a cikin gari za ta same mu.

Tun kafin mu kai rafin na ji ƙugin ruwa. Ya shanye kwalbatin gaba ɗaya, ja wur, yana tafe da rassa da karan masara. A ɗaya gaɓar ga Malam Ephraim cikin farar rigarsa ta zuwa coci, ga yara huɗu cikin kayan makaranta, sun tako da ƙafa don su rage mini hanya. Miriam tana ɗaga mana hannu biyu.

Na yi ihu na ce su koma gida. Ruwa ya haɗiye maganar. Na gwada waya, babu sabis.

"Shi ke nan, Jamila, Allah bai yi ba. Mu juya."

Ta zaro alli daga jaka, ta rubuta a jikin ƙofar motata da manyan baƙaƙe: KU JIRA. Can tsallake Malam Ephraim ya kare ido da hannu, ya karanta, ya gyaɗa kai.

"Kin ga, Baba?" Ta gyara bakinta da sauri tana dariya. "Ka ga, Baba? Yana iya karantawa daga can. In yana ganin wannan, zai ga allo."

"Wane allo?"

"Na ajinmu. Tun da su ba za su iya zuwa wurin gasa ba, gasar za ta zo nan."

'Ya'yan mutane, a bakin daji, ga ruwa yana ambaliya. Duk hanyar komawa ina lissafa mata abubuwan da za su iya faruwa, ita kuma tana lissafa abubuwan da za a ɗauko. Na sa rai shugaban makarantarsu, Malam Abdulfattah, zai hana. Ya saurare ta, ya leƙa sama, ya je ya yi magana da 'yan sa-kai na bakin gari. Biyu daga cikinsu suka ce za su raka mu a kan babur. Sai ya juyo gare ni.

"Malam Isiyaku, motarka za ta ɗauki allo da yara takwas?"

"Ranka ya daɗe, za ta ɗauka, amma..."

"To madalla."

Haka muka komo, allo a tsaye a bayan mota, Tasi'u ya rungume shi, yara suna waƙa, Loveth ta riƙe kofin gasar a cinya kamar jariri. Kafin mu iso, bakin rafin ya tara jama'a a gaɓa biyu: masu babura da ruwa ya tsare, mata masu tallar gyaɗa, da wani makiyayi, Jaji, da ya tsaya da shanunsa yana jiran ruwa ya sauka.

Tasi'u ya rubuta ƙa'ida a allo, Malam Ephraim ya karanta wa yaransa. Za a rubuta tambaya, kowace makaranta ta yi aikinta, in lokaci ya cika kowa ya ɗaga amsarsa a tare. 'Yan gari suna da kwalaye. 'Yan ƙauye ba su da komai sai littattafansu, rubutun biro kuwa ba ya ganuwa daga nan. Wani manomi a can ya kwance buhunan taki guda biyar da babu komai a cikinsu daga babur ɗinsa, wata mata ta ba da gawayin rubutu.

"Saura ƙararrawa," in ji Loveth. "Mun manta ta a ofis." Ta dube ni. "Baban Jamila, hon ɗinka yana aiki?"

"Shi kaɗai ne bai taɓa lalacewa a motar nan ba."

"To kai ne mai lokaci. In na sauke hannu, ka danna."

Na shiga mota na zauna, hannuna a kan hon. Tasi'u ya rubuta tambayar farko, lambobi manya kamar kan mutum. Yara suka dunƙule, kai da kai. Loveth ta sauke hannu, na danna. Kwalaye biyu suka tashi a nan, buhu ya tashi a can. Jamilatu ta hau bayan mota ta duba, ta ɗaga babban yatsa ga duka ukun. Gaɓa biyu suka kaure da tafi.

Daga nan wurin ya zama kamar filin ƙwallo. Wani ɗan acaɓa a gefenmu yana yi wa na tsallake gwalo duk lokacin da suka faɗi. Da 'yan gari suka faɗi tambaya biyu a jere, matan can suka rangaɗa guɗa har ta rinjayi ƙarar ruwa. Jaji ya matso kusa da taga.

"Direba, su wa ke ci?"

"Wallahi ban sani ba, ni dai ina danna hon."

"Ni na can nake so. Ƙaramar nan mai gawayi, ba ta ɗaga kai."

Makaranta ɗaya ta gari ta fita. Saura ɗaya da 'yan ƙauye, maki ɗaya suke. Ni kuwa idona ya koma gabas. Hadari ya sake haɗowa, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa allon. In ruwan nan ya sauko muna nan, motata ba za ta hau gangaren laka ba.

"Jamila, a tattara."

"Tambaya ɗaya, Baba. Ta raba gardama."

"Ɗaya tak."

Tasi'u ya rubuta ta, irin mai harafi a tsakiyar lambobi, wadda ban taɓa gane kanta ba. Sai na ga ana ta kai da komo a tsallake. Buhunan sun ƙare, an rubuce su ciki da baya. Miriam ta gama aikinta a littafi, tana riƙe da gawayi tana waige-waige. Hannun Loveth yana sama, ya fara saukowa.

Malam Ephraim ya cire farar rigarsa, ya shimfiɗa ta a kan sirdin babur. Miriam ta dube shi. Ya nuna mata rigar. Ta duƙa ta rubuta.

Loveth ta sauke hannu. Na danna hon da dukkan ƙarfina.

Kwali ya tashi a nan: 48. A can iska ta nannaɗe rigar, ba a ganin komai. Yara biyu suka kama hannuwanta, biyu suka ja gindinta, suka miƙe ta. Jamilatu ta ƙanƙance ido.

"Arba'in da takwas," ta ce. "Su ma sun ci."

Ban san lokacin da na fito daga mota ba. Na tsinci kaina ina tsalle, na kama hannun Jaji muna girgizawa kamar mu muka rubuta. Ɗigon farko ya faɗo mini a goshi.

"Wata tambayar," in ji Tasi'u.

"Babu wata," na ce. "Kowa ya hau mota."

Malam Abdulfattah ya goyi bayana. Ya karɓi alli da kansa ya rubuta a allo cewa makarantu biyun sun yi kunnen doki. Loveth ta ɗaga kofin sama don na tsallake su gani. Miriam ta ɗora hannu biyu a ka tana juyi, malaminta yana tsaye da singileti yana dariya, rigarsa a kafaɗa.

Muka hau gangaren da ƙyar, tayoyi suna wulwulawa, 'yan sa-kai suna turawa. Muna kaiwa kan tudu ruwan ya sauko. Yaran baya suka shige ƙarƙashin tamfol suna ta gardamar tambaya ta shida.

"Kofi ɗaya ne, makarantu biyu," na ce wa Jamilatu. "Yaya za ku yi?"

"Zango ɗaya a can, zango ɗaya a nan. Su za su fara. In ruwa ya janye za ka kai musu."

"Wa ya ce zan kai?"

"Tare za mu je, Baba. Akwai sabulun da zan kai wa Malam Ephraim."

Na ce to, amma da sassafe za mu fita.